Barcin Allura da Barcin Allah

Ni ba mutumin tafiya ba ne, kowa a ƙauyenmu zai gaya maka. Ko kasuwar Ringim na je, kafin la'asar hankalina ya koma gida, ina tunanin ko an ba awaki ruwa. To sai ga ni a Legas da shekara arba'in da ɗoriya, 'yan watanni bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki. Damina biyu ta ƙi mu a jere, shi ne kawai dalili.

A mayankar Oko-Oba tirelar shanun da na hau ta sauke ni, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai jego. Mutumin da aka ce in nema, wanda zai sama mini aikin gadi, ashe tun bara ya bar garin. Na tsaya da buhun kayana a tsakiyar laka, ga ƙarnin jini, ga masu ɗaukar nama suna ta bangaje ni suna zagi da yaren da ban taɓa ji ba, ga ruwan sama da ba ya sallama kafin ya sauko. Wallahi da na ga motar da ta juya arewa a lokacin, ko a kan taya zan hau.

Wani mai shayi ne ya tsince ni, Isufu, mutumin Maraɗi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mi sunanka?" Na ce Haladu. Ya ce, "Zamna, Haladu. Wanga gari ba a yi mai tsaye, ture ka za a yi." Ya haɗa mini shayi da burodi, ya ƙi karɓar komai. A kan bencinsa na kwana wata biyu a Agege, da sharaɗin in riƙa ɗebo masa ruwa, in kuma rage surutu idan yana sauraron rediyo. Ruwan dai na ɗebo.

Shi ya haɗa ni da wani dillalin awaki, ba zan faɗi sunansa ba. A wurinsa na ga abin da ban taɓa gani ba. Akuya ta sha wahalar hanya ta rame, sai a ɗura mata ruwa da gishiri har cikinta ya tashi, a goge mata hanci da tsumma, a shafa mata mai, ta fito kamar amarya. Ni da na tashi cikin awaki abin yana ci mini rai, amma ciki ba ya jiran mutum ya gama fushi.

Wata safiya wata mata ta zo, gajeriya, baƙa, da tabarau da takalmin roba, ta ce lafiyayyun jajayen awaki take so. Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Oga ya jawo mata wata mai sheƙi. Ta buɗe bakin akuyar, ta duba ido, ta ce, "Wannan ya yi." Ni kuwa ina riƙe da igiya, ina jin wani ɗan sauti can ƙasan numfashin, kamar ana murza busasshen ganye. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Hajiya, huhunta ya taɓu. Ba za ta kai sati ba."

Oga ya yi mini wani kallo. Matar ta ciro abin sauraron ƙirji daga jaka, ta ɗora, ta daɗe tana ji. Ta ɗago ta ce, "Ni ba Hajiya ba ne, Rifkatu ne sunana, likitan dabbobi. Baba, da me ka ji?"

Na ce, "Da kunne, ranki ya daɗe."

Kafin ta kai bakin titi Oga ya kore ni. Kafin in kai bakin titi ita ta ɗauke ni aiki. Da na gaya wa Isufu ya ce, "Ka ga lokotoro mace ta ɗauke ka don bakinka, mu kuwa nan shi ya hana mu barci."

Wurin aikin wani gidan binciken dabbobi ne, hawa biyu a danfo, motar hayarsu, daga Agege. Nawa shi ne shara, ciyarwa, da kamu. Na Likita yana cikin wani ɗaki mai sanyi, inda akwai wata na'ura mai girman durowa, da siraran alƙaluma takwas a jere, da takarda doguwa da take fitowa tana naɗe kanta. Ta ce mini ƙwaƙwalwa tana da 'yar wuta a cikinta kamar ta batir, kuma idan aka maƙala wayoyi a fatar kai, alƙaluman nan sai su rubuta yadda wutar take tafiya. Na ce to, ashe har tunanin akuya an fara rubutawa, Allah ya sa kada a zo kan namu.

Abin da take nema maganin farfaɗiya ne. A garinsu akwai wata saiwa da tsofaffi suke jiƙa wa masu ciwon. Ƙaninta da ciwon ya tashi, kuma a rafi ya same shi wata rana, ba kowa kusa. Sau ɗaya ta faɗa mini wannan, tana wanke sirinji, ba ta sake ba. Shekara uku ta yi tana tace saiwar nan tana gwadawa, don a san ko da gaske tana kwantar da ƙwaƙwalwa.

Ga yadda ake yi. A hana akuya abinci tun jiya, in aske mata tsakanin ƙaho, in riƙe ta, Likita ta yi mata allurar barci a jijiyar wuya. Nan take sai ta sulale, harshe waje, yawu na dalala. A maƙala wayoyi. Alƙaluma su fara zana manyan layuka masu hawa da sauka. Sai a sa mata ruwan saiwar ta jijiya. Ba a jimawa layukan su ƙara faɗi, su ƙara nauyi, kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa da shanu. Likita ta yi murmushi ta ce, "Ka gani, Baba? Ƙwaƙwalwan ya kwanta."

Ni dai ban iya karatun boko ba, balle na alƙalami takwas. Amma kaina yana kusa da cikin akuyar, kuma abin da nake ji bai yi mini ba. Rannan na kasa haƙuri.

"Likita, wannan fa ba barci ba ne."

"Allurar barci ake ce da shi."

"Suna ne aka sa mata. Akuya mai barcin Allah kunnenta yana motsi, cikinta yana ƙugi, in ka taka kara sai ta ɗaga kai. Wannan cikinta shiru, numfashin kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Suma ce wannan."

Na zaci za ta ce in tsaya a shara. Sai ta cire tabarau ta ce, "Gaskiyanka ne, mu ma mun sani. Amma ya za mu yi? In akuyan ya motsa kai kaɗan, rubutun ya lalace. Ko a Turai, inda suke da injin da yake ɗaukan hoton cikin kai, sai sun sa dabba wannan barcin, don ba ya tsayawa." Na ce, "Ita ce dai, Likita, ba shi ba. Ga hantsa nan." Ta ce, "Kai da akuyanka ku ji da wannan."

A cikin watannin nan garin bai zauna lafiya ba. Sai ka ji an ce an taɓa a wata unguwa, tsakanin mutanenmu da 'yan gari, kowa ya kama kansa. Wata rana muna aiki labari ya zo cewa hanya ba kyau, danfo sun daina ɗaukar mai hula. Likita ta ce in cire hulata. Ta sa mini farar rigarta ta aiki, hannun ya tsaya mini a gwiwar hannu, ta rataya mini abin sauraron ƙirji, ta ce, "In an tsayar da mu, kai babban likita ne, ba ka magana da kowa. Za ka iya?" Na ce zan gwada. Ta tuƙa ni da tsohuwar motarta har ƙofar masallacin unguwarmu, sannan ta juya ita kaɗai ta bi hanyar da muka fito. Sau biyu aka leƙa motar. Ban ce uffan ba, kuma har yau ita ce tafiya mafi tsawo da na yi da baki rufe.

Kewar gida kuwa ba ta sake ni ba ko kwana ɗaya. Teba ta ƙi zama a cikina. In na ji ƙamshin daddawa a layin masu tuwo sai in tuna maiɗakina Tabawa, da ƙaramar 'yarmu da na baro tana rarrafe. Tun farkon shekara ta biyu na gaya wa Likita cewa kafin shuka zan koma. Ta ce ba komai, ita ma lokacin ta gama.

Domin takarda ta zo mata daga wata jami'a a Turai. Sun ga rubutun alƙalumanta, sun yaba, sun ce ta aiko da cikakken rahoto kafin wata uku, in ya yi daidai da abin da suka gani su ba ta gurbi ta je ta gwada saiwar a injin hoton nan. Ranar har rawa ta taka a gaban turke. Ni ma na kai labari teburin Isufu, na ƙara gishiri, na ce mun gano maganin farfaɗiya, ni da Likita.

Saura awaki kaɗan a gama sai allurar barcin ta ƙare. Wadda aka yi oda tana cikin kwantena a tashar jirgin ruwa ta Apapa, yau za a fito da ita, gobe za a fito da ita. Sati uku Likita tana zuwa tana dawowa da ƙura a gira. Na same ta zaune a gaban na'ura ta yi tagumi, sai na ce, "Likita, in dai kwanciya ce kawai ake so, ni zan kwantar miki da akuya ba allura."

Ta ce, "Da me? Da wa'azi?"

Na ce, "Kusan haka."

A gida, bayan azahar, idan awaki sun ƙoshi, nakan zauna a gindin turke in ɗora wuyan ɗaya a cinyata, ina sosa mata gindin ƙaho, ina ba ta labarin gari da murya ƙasa-ƙasa. Tabawa takan ce na rasa abokin hira ne. Amma akuya tana son murya da ba ta hawa ba ta sauka, kuma ba ta kai gulma gaba.

Na zaɓi Kyalla, wata ja mai farin goshi, mai sanyin hali. Na samo harawa wurin direbobin da suke sauke kaya a kasuwar Mile 12. Kwana tara muna koya mata ɗakin: yau ta shiga ta fita, gobe ta ci harawa a kan tabarma, jibi a kunna na'ura ta saba da ƙarar. Ran na goma Likita ta sa mata 'yar roba a jijiyar wuya tun da safe, don kada tsinin allura ya tashe ta daga baya. Bayan azahar na zauna, Kyalla ta kwanta, aka maƙala wayoyi. Na fara: "To Kyalla, kin san dai Audu na Gwaggo bai biya sadakin nan daga aljihunsa ba, kawunsa ne ya tsaya..."

Matsala ɗaya, tuƙa. Da ta fara tauna sai alƙaluman su haukace, su yi ta dukan takarda. Likita ta ce, "Ka gani? Ba zai yiwu ba." Na ce ta dakata. Na kasa kunne a wuyan. Akwai yadda akuya take haɗiye ta ƙarshe, da ɗan nishi a bayanta, wanda daga shi ba ta sake dawo da wata sai gyangyaɗi. Da na ji shi na ɗaga yatsa, bakina bai tsaya ba. Alƙaluma suka natsu. Rubutun da ya fito ƙanana ne, a matse, kamar ɗinkin hular zanna. Likita ta yi raɗa da Turanci, ina jin addu'a ce. Ta tura ruwan saiwar a hankali.

Muka jira. Na gama labarin Audu, na shiga na rigimar iyakar gona, na fita, na shiga na limamin da ya manta sura ran Idi. Ɗinkin hula dai, ɗinkin hula. Kunyar gona ko ɗaya ba ta fito ba.

Ta ce wataƙila Kyalla ce. Muka koya wa wata, muka koya wa ta uku, har labaran ƙauyenmu suka ƙare na fara ara na Maraɗi wurin Isufu. Duk ɗaya. Ta ƙara yawan maganin. Ɗaya ta yi zawo, shi ke nan abin da ya canza.

Ina share ɗaki ta tambaye ni, ba ta dube ni ba, "Baba, lokacin da muke yi da allura, akwai abin da ka lura?" Na ce akwai, amma ban ɗauke shi komai ba: wadda aka ba saiwa takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Wadda aka yi wa allura kaɗai kafin in gama wanke bokiti ta fara harbin iska, ita kuwa waccan sai na yi la'asar na dawo. Likita ta ajiye biro. Ta ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?" Na ce, "Ranki ya daɗe, shi kaɗai ne abin da ban faɗa ba a gidan nan."

Da allurar ta fito daga Apapa ta sake gwadawa, wannan karon da agogo a hannu. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar ni ma wani farfesa ne. Saiwar ba ita take kwantar da ƙwaƙwalwa ba. Allurar take ƙara wa nauyi, ta sa sumar ta yi zurfi ta daɗe. Kunyoyin nan da ta yi shekaru tana murna da su, aikin allura ne da saiwa ta taya. In ba allura a jiki, alƙaluman ba su ga ta yi komai ba. Kuma yaro mai farfaɗiya ba a sume yake yawo ba.

Washegari Farfesa ya zo, babban ogan wurin, dattijo Bayarabe mai son ta kamar 'yarsa. Suka rufe ƙofa. Turanci ba na ji, amma murya ina ji. Tasa tana lallashi, tana hawa, ta dawo lallashi. Tata ba ta hawa ko kaɗan, kalma biyu uku sai shiru. Ya fito yana girgiza kai. Ta ce mini cewa ya yi ta aika tsofaffin takardun kawai, ai ba ƙarya ta zana ba, kuma kowa da allura yake yi. Zancen awakin farke ta bar shi sai ta isa can.

Ni a raina na ga hanya. Na ce, "Likita, ai daga ni sai ke sai awaki muka sani. Ni kuwa wallahi ban ga komai ba. Bakina ƙanin ƙafata."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, karo na farko a sati biyu. "Kai, Baba? Kafin magariba mai shayi ya ji." Sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Takardun gaskiya ne. Abin da na ce suna nufi ne ba gaskiya ba. In aka buga cewa saiwan yana aiki, wata uwa a garinmu za ta daina sayen ƙwayan asibiti, ta koma jiƙo, don Rifkatu ta faɗa. Ni na san rafin da yaran suke wanka."

Ta haɗa duka biyun, na suma da na farke, ta rubuta abin da ta gano, ta kai gidan waya da kanta. Ni kuma na koma teburin Isufu na janye maganata a gaban jama'a. Aka yi mini dariya, wani ya ce dama ina aka taɓa jin akuya ta ba da magani. Isufu bai yi dariya ba. Ya ce, "Wagga mata, in ta ce maka gobe Lahadi, kada ka duba kalanda."

Amsa ta zo ana saura kwana kaɗan in tafi, na riga na sayi atamfar Tabawa da 'yan takalma na ɗaure buhu. A bakin turke ta buɗe ta, tana tsaye. Na ga idonta ya kai ƙasan takardar ya koma sama. Ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu. Sun gode, sun yaba da gaskiyarta, amma gurbin na maganin ne, tunda babu magani sun ba wani.

Ni ne na yi kuka, ba ita ba. Na ce bakina ne ya jawo, da na bar ta da allurarta da yanzu tana jirgi. Ta ce, "Share hawaye, Baba, kana tsorata awaki." Ta ce Farfesa ya huce, ya yarda ta sake aikin daga tushe: a bi magunguna ɗaya bayan ɗaya, har da na asibiti, a ga abin da kowanne yake rubutawa a sume da abin da yake rubutawa a farke, don na bayanta kada su faɗa ramin da ta faɗa. Zai ci shekara guda, ko fiye. Ta sunkuya tana sosa wa wata akuya wuya ta inda ba a sosawa.

"Na gwada da kaina ran Lahadi," ta ce. "Na ba akuyan nan labari har na Littafi Mai Tsarki. Ya tashi ya ci igiyan takalmina. Na san ka ce kafin shuka. Ba zan riƙe ka ba."

Na ɗauki tsintsiya na ci gaba da shara. Da yamma na tafi Oko-Oba, na nemi direban da yake bi ta wajenmu, na kwance buhu na ba shi atamfar da takalman. Ya ce, "Saƙon baki fa?" Na tsaya ina jin ƙamshin harawar da ta rage a bayan motarsa, har ya sake tambaya.

Na ce, "Ka ce wa ƙanena ya shuka gonar tudu, ta fadama ya ba Tabawa ta sa a yi mata. In sun tambayi abin da ya riƙe ni, ka ce ina ba akuya labari."

Ya ce, "Haka zan faɗa?"

Na ce, "Haka za ka faɗa. Sun san ni, za su yarda."